Wuƙar Tanto Mai Ninkewa: Me Kuɗinka Ke Saya, Kuma Wa Zai Wasa Maka Ita?

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mutum ya zaro wuƙa daga aljihu, ya buɗe ta da babban yatsa ƙaras, ya luma ta a jikin durom ko murfin mota, ya zare, ya kawo tsinin gaban kyamara, ko gezau. Bakin wuƙar ba irin wanda muka saba gani ba ne. Ya tafi miƙe sambal, sai can wajen ƙarshe ya karya kwana ya haura zuwa tsini, kamar an gutsure shi da gangan. Masu talla suna ce mata tanto, wasu su ƙara gishiri su ce wuƙar Samurai, mayaƙan Japan na da. Wata dala 20, wata ta haura dala 500, alhali a hoto kamar an tsaga kara.

Shin da gaske wuƙar Japan ce? Me ke cikin mai tsadar da babu a mai arahar? In kuma ta dakushe, yaya za a yi da wannan baki mai kwana? Tambaya ta ukun ce mai saye ba ya yi wa kansa sai bayan kuɗi sun fita, kuma a kanta ni kaina na taɓa yin asara.

Sunan na Japan, siffar ta Amurka

A Japan, tanto gajeren takobi ne mai kube, wanda tsawon ruwansa bai wuce shaku ɗaya ba, wato kimanin santimita 30. An fara ƙera shi tun zamanin Heian (794 zuwa 1185), ya yi tashe a zamanin Kamakura (1185 zuwa 1333), lokacin da maƙera irin su Awataguchi Yoshimitsu na Kyoto da Shintogo Kunimitsu suka yi suna a kansa. Har yau wasu daga cikin ayyukansu suna ajiye a matsayin dukiyar ƙasa. To amma in ka duba hotunan waɗannan tsofaffin makamai, za ka ga yawancinsu bakin ya tafi ne a hankali ya lanƙwasa ya tarar da tsini, babu wata kusurwa. Hatta irin da ake kira yoroi-doshi, wanda aka yi musamman don huda sulke, ƙarfinsa daga kaurin bayansa yake, siffar tsininsa ba ta da wani bambanci na a zo a gani.

Bakin nan mai kwana ya fi kama da ƙarshen dogon takobin Japan, inda wani layi ya raba tsini da sauran ruwa. Amurkawa ne suka ɗauko wannan suka ƙara masa kaifin kusurwa suka ɗora a gajeruwar wuƙa. Ana danganta fara shigo da salon tanto cikin wuƙaƙen Amurka ga wani maƙeri mai suna Bob Lum na jihar Oregon, a ƙarshen shekarun 1970. Wanda ya kai shi kasuwa kuwa shi ne kamfanin Cold Steel da Lynn Thompson ya kafa a Kalifoniya a 1980, kuma su ne suka shahara da tallar huda murfin mota. Duk bidiyon da kake gani yau jikan wancan ne. Daga baya Ernest Emerson ya mayar da siffar cikin wuƙa mai ninkewa, da CQC-6 da ya yi wa wasu sojojin ruwan Amurka, sannan CQC-7 da kamfanin Benchmade ya fara fitarwa a 1994. Daga nan tanto ta zama alamar wuƙar "'yan ɗamara", kowane kamfani ya yi tasa.

Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka wuƙar Samurai ce, siffar da ke hannunsa shekarunta ba su wuce hamsin ba.

Baki biyu a ruwa ɗaya

Wanda ya gane wannan ya gane tanto. Tana da dogon baki, daga ƙota zuwa kwanar, da gajeren baki, daga kwanar zuwa tsini. Inda suka haɗu ni gwiwa nake ce masa, kuma wannan gwiwar tsini ce ta biyu.

Amfanin tsarin shi ne ƙarfe yana tafiya da kaurinsa har dab da tsini, ba ya sirancewa tun daga nesa kamar na sauran wuƙaƙe. Shi ya sa take jure a caka ta a abu mai tauri. Sai dai a lura, jure huda daban, iya huda daban. Wuƙa mai siririn tsini ta fi tanto saurin shiga buhu ko fata ko roba, don ƙarfen da za ta tura ciki bai kai na tanto ba. Abin da tanto ta fi ta shi ne fitowa lafiya. Gajeren bakin kuma yana aiki kamar cizal ɗin kafinta: kankare busasshen gam, ɗaye sitika, share fenti. Gwiwar tana da daɗin tsaga salatif ɗin kwali ba tare da ruwan ya nutse ya taɓa kayan da ke ciki ba. Mai shagon da ke buɗe kwalaye hamsin a yini zai so ta.

Abin da aka sadaukar shi ne ciki, wato lanƙwasar nan da ke gaban wuƙar mahauci. Da cikin ake fiɗa, shi ke zamewa tsakanin fata da nama. Tanto ba ta da shi. Ka ɗauko ta ranar layya ka ce za ka feɗe rago, gwiwar nan za ta yi ta huda fatar, kafin ka gama ta zama rariya, wuƙar da maƙerin unguwa ya yi da guntun sifirin mota ta yi mata fintinkau. Ga yanka kuwa ba a ma maganarta, ruwan da bai kai santimita 10 ba bai dace da wuyan dabba ba. Ko albasa za ka yanka a kan katako, gwiwar ce ke fara dukan katakon, ita ce kuma ke fara dakushewa.

Akwai wata da ake ce wa tanto juyayya, inda kwanar take a bayan wuƙa, baki kuma ɗaya ne tak mai ɗan ciki. Benchmade 940 da Warren Osborne ya zana ita ce fitacciya. Tsininta na da ƙarfi, washinta kuma irin na kowace wuƙa ne. Mutane da yawa da suka sayi tanto, da wannan suka saya da sun fi jin daɗi.

Ina kuɗin yake tafiya?

Wuƙar Okapi da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka tana ninkewa, tana yanka, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. To me ya kai wuƙar Sebenza ta Chris Reeve, maƙerin Afirka ta Kudu da ya koma Boise a jihar Idaho ta Amurka a 1989, sama da dala 400? (Sunan ma daga harshen Zulu ne, ma'anarsa aiki.)

Na farko ƙarfe. Ana son abu uku daga ƙarfen wuƙa: ya daɗe da kaifi, ya ƙi ɓantarewa, ya ƙi tsatsa. Matsalar ita ce ukun nan kishiyoyi ne, in ka ja ɗaya sai ɗaya ta saki. Abin da ke riƙe kaifi wasu 'yan ƙwayoyi ne masu tsananin tauri da ke samuwa in kabon ya haɗu da kuromiyam ko banadiyam a cikin ƙarfe. In ƙwayoyin suka yi yawa kuma suka yi girma, sai su zama kamar tsakuwa a cikin bulo, nan ƙarfen zai tsage. Dabarar da ta sauya harkar ita ce a narka ƙarfe, a fesa shi ya zama gari, sannan a matse garin da zafi ya koma dunƙule, ƙwayoyin su fito ƙanana kuma a warwatse daidai. Da haka kamfanin Crucible na Amurka ya fitar da ƙarfe mai suna S30V a 2001, tare da shawarar shi Chris Reeve ɗin, sai S35VN a 2009. Kamfanin Böhler na Ostiriya yana da M390, mai kuromiyam kashi 20 cikin 100 da kabon kusan kashi 2. A 2021 masanin ƙarfe Larrin Thomas ya zo da MagnaCut, wanda ya rage kuromiyam zuwa ƙasa da kashi 11 amma ya tsara shi yadda kusan dukansa zai tafi yaƙi da tsatsa.

Ga tanto, ra'ayina shi ne a fifita ƙin ɓantarewa. Ai don cakawa da kankara aka saye ta. M390 ya fi daɗewa da kaifi, amma in gwiwar ta daki ƙusa a cikin katako ya fi saurin yin giɓi. S35VN ko MagnaCut sun fi dacewa da aikin. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, 14C28N da kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro ƙarfe ne mai mutunci, ga sauƙin washi. D2 kuma, da ya cika wuƙaƙe masu matsakaicin farashi, kuromiyam ɗinsa wajen kashi 12 ne kuma yawancinsa a ɗaure yake, don haka gumin aljihu da laimar damina suna sa shi tabo.

Sunan ƙarfe rabin labari ne. Sauran rabin shi ne yadda aka gasa shi, aka sanyaya, aka sake ɗumama shi. Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell, kuma wuƙaƙen kirki sukan faɗa tsakanin 58 da 63. Kamfanin da ya yi ha'inci a gashi zai ba ka M390 da bai fi ƙarfen banza ba, kuma ido ba ya gani. A nan ne sunan kamfani ke da rana.

Na biyu makulli, abin da ke hana ruwa rufowa a kan yatsunka. Akwai wanda Michael Walker ya gyara a 1980, siririn faifan ƙarfe a cikin ƙota da ke tsallakowa ya tokare gindin ruwa. Chris Reeve ya mayar da gefen ƙotar kansa, na taitaniyam, ya zama matokarin. Benchmade sun zo da Axis a ƙarshen shekarun 1990, wata 'yar sakata da ake ja baya da yatsu biyu, hannu ba ya shiga hanyar kaifi. Tri-Ad na Andrew Demko, da ke jikin wuƙaƙen Cold Steel, yana cikin mafiya ƙarfi, sai dai rufe shi da hannu ɗaya sai an saba. Tunda tanto wuƙar tura tsini ce, makulli ya fi muhimmanci a kanta fiye da a wuƙar ɓare lemo.

Na uku wurin da ruwa ke juyawa. Wasu suna sa boris ƙanana, ruwa ya faɗo da kansa sumul, abin sha'awa a bidiyo. Wasu kuma, har da Sebenza, washa ta tagulla suke sawa. Masu zana boris ɗin nan ba su san hunturu ba. Sati biyu a aljihu cikin ƙurar Janairu, za ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi a haƙori, sai an kwance an wanke. Washa ta fi haƙuri da ƙura.

Jabu, da abin dubawa in ta zo hannu

Kada a ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasar Sin jabu ne. A birnin Yangjiang akwai kamfanoni irin su WE Knife da Reate da ke aikin da ya kai na kowa, da sunansu a jiki. Jabun shi ne wanda ya ɗauki tambarin wani ya buga, ya rubuta M390 a ƙarfen da Allah kaɗai ya san ko mene ne. In ka ga wuƙar dala 500 ana ba ka a dala 40, ka san amsar.

In ta zo, buɗe ta ka kama ruwan ta baya ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. Kada ka ji motsi. Rufe ta ka leƙa, ruwan ya zauna a tsakiyar ƙota bai jingina da gefe ba. Sannan abin da ya keɓanci tanto: juya ta ka kalli gwiwar ta fuska biyu. Layin da ya sauko ta dama da wanda ya sauko ta hagu su haɗu wuri ɗaya. In ɗaya ya riga ɗaya, an karkace ta tun daga masana'anta, kai za ka sha wahalar daidaitawa. Ka kuma matsa ƙarfen da ke bayan kaifi kaɗan tsakanin yatsu biyu. Tanto da yawa a nan suke da kauri kamar gatari, kuma irin wannan ko ta aske gashi ba za ta ratsa kwali da daɗi ba.

Kafin ka sa ta a aljihu

A Birtaniya, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙar ninkewa in bakinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta da makulli. Mai makulli sai da ƙwaƙƙwaran dalili, wato kusan duk wadda muka ambata a sama. Jamus ta hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma ta kulle. A Japan ɗin kanta, dokar 1958 ta hana ɗaukar ruwan da ya wuce santimita 6 ba tare da dalili ba, in ban da 'yan togaciya. Jirgin sama kuwa, a jakar hannu ba ta wucewa.

A garuruwanmu ma, tun da ƙwacen waya da faɗan daba suka addabi jama'a, matashin da aka laluba aka samu baƙar wuƙa mai siffar yaƙi a aljihunsa yana da dogon bayani a gabansa, kuma babu jami'in da zai tsaya jin tarihin Bob Lum. A bar ta a shago, ko gona, ko akwatin kayan aiki.

Washi

Tawa ta farko, da ta dakushe, na kai wa wani mai injin washi a bakin kasuwa ana jibi Babbar Sallah. Layi ne, wuƙaƙe da adduna jibge a gabansa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Alhaji, wannan ai bakinta ya karye, bari in gyara maka." Kafin in buɗe baki ya kara ta a dutse, tartsatsi ya tashi, ya ja ta tun daga ƙota har tsini a ja ɗaya, yadda yake yi wa kowace wuƙa. Ja huɗu ya miƙo mini. Gwiwa ta tafi, ta zama wani ƙulu, tsinin kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Ban ga laifinsa ba, aikin da ya sani ya yi, kuma a wuƙar mahauci daidai ne.

Ɓarna biyu ya yi. Shuɗin nan alamar zafi ne. Yawancin ƙarafan wuƙa a wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius ake yi musu ɗumamar ƙarshe, kuma siririn baki a kan busasshen dutse mai gudu yana wuce hakan cikin ƙiftawar ido. Inda ya ƙone ya yi laushi ke nan, ba ya ƙara riƙe kaifi sai an cinye wurin. Ta biyun ita ce jan da ya yi a tafi ɗaya. Ƙa'idar tanto guda ce: baki biyu ne, kowanne a wasa shi shi kaɗai, kada dutse ya zagaya gwiwa. Wannan ya fitar da 'yar na'urar nan ta kicin mai tsaga da ake zura wuƙa a ja, don ita aikinta ke nan, zagaye kusurwa.

Sai dutse. Ƙwayoyin banadiyam da ke cikin S30V da M390 da 'yan'uwansu sun fi dutsen washi na kasuwa tauri. Za ka yi ta gugar banza, dutsen ya cinye ƙarfen da ke kewaye da ƙwayoyin ya bar su, bakin ya yi ƙyalli amma ba kaifi. Abin da ke cin su shi ne faranti mai garin daimon. Guda biyu sun isa: mai kaushi lamba 300 zuwa 400, da mai laushi lamba 600 zuwa 1000, domin lambar na hawa laushin na ƙaruwa. Ni da za a bi tawa, da farantin za a fara saye kafin wuƙar. Faranti yana da wata fa'idar kuma: ba ya ramewa a tsakiya, kuma miƙaƙƙen baki shimfiɗaɗɗen wuri yake so.

Ka buɗe wuƙar ta kulle, ka naɗe wurin juyawar da salatif kada garin ƙarfe ya shiga. Ka ɗauko baƙar maka ka shafe kaifin duka, dogo da gajere, fuska biyu. Wannan makar ita ce malaminka. In ka goga sau biyu ka duba, inda tawada ta goge nan dutse ke ci. Ta goge a sama ta bar bakin, ka kwantar da wuƙar da yawa. Ta goge a bakin kawai, ka ɗaga da yawa. Ta goge duka, ka samu.

Yawancin irin waɗannan wuƙaƙe suna fitowa da kusurwar kaifi ta digiri 17 zuwa 20 a kowace fuska. In faɗin ruwa santimita 2 da rabi ne, ɗaga bayan wuƙa milimita 8 da rabi daga dutse zai ba ka kusan digiri 20. Wanda ba ya son lissafi ya sami takarda ya ninka kusurwarta biyu, ya sake ninkawa, ya samu digiri 22 da rabi, sai ya rage kaɗan. Kada ka ɗauka gajeren baki da dogon a kan digiri ɗaya suke. Sau da yawa gajeren ya fi tsayuwa. Maka za ta faɗa maka.

Fara da dogon baki. Kwantar da shi a faranti, yatsun ɗaya hannun a kan ruwa, ka tura. Abin lura shi ne ƙarshen tafiyar: hannunka ya saba ɗaga ƙota in ya kusa tsini, don bin cikin wuƙa. A nan ka hana shi. Tafiyar ta ƙare gwiwa tana kan faranti, kada ta zame ta gefensa, kada ka juya. Ka ci gaba a fuska ɗaya har sai ka shafa babban yatsa daga baya zuwa baki ta ɗaya fuskar ka ji wani ɗan leɓen ƙarfe yana kama fata, tun daga ƙota har gwiwa. Leɓen nan shi ne shaidar cewa dutse ya kai bakin. In babu shi a wani wuri, wurin bai wasu ba, komai ƙyallinsa. Sannan ka juya ka yi wa ɗaya fuskar adadin da ka yi wa ta farko.

Yanzu gajeren baki. Juya wuƙar yadda shi kaɗai zai zauna a faranti, kamar kana wasa cizal, yatsa ɗaya a kansa dab da tsini. A nan ake ɓarna. Tsawonsa bai fi santimita 2 ko 3 ba, nauyin hannunka duka ya taru a ɗan wuri, daimon kuma ba ya wasa. Ƙarfin da ka sa a dogon baki, sa rubu'insa. Tafiya gajeriya, biyar, ka duba. In ka cinye gajeren baki da yawa gwiwa za ta ja baya wajen ƙota, in dogon ka cinye za ta matsa wajen tsini, in kuma fuska ɗaya ka fi ci, layukan nan biyu za su saɓa. Kada tsinin ma ya faɗa ta gefen faranti, nan take yake dakushewa.

Ka koma faranti mai laushi ka maimaita, hannu na ƙara sauƙi, a ƙarshe kana sauya fuska bayan kowace tafiya har leɓen ya karye. Sai fata. Duk wanda ya zauna gaban wanzami ya ga yadda yake goga aska kafin ya ɗora a kai. Guntun fata mai tauri da aka manna a katako, a shafa masa man goge ƙarfe ko na daimon, a ja wuƙar baya-baya, kaifi na bin sawu. Nan ma kowane baki da nasa jan, kuma kada a danna, don fata na lotsawa ta naɗe gwiwar.

Masu amfani da sandunan washi na Sharpmaker, na kamfanin Spyderco, mai ramukan digiri 30 da 40, su yi aiki da shafaffen gefen sandar, su tsaya kafin gwiwa ta sauka. Masu na'urar washi mai maƙale wuƙa irin Lansky ko KME kuma sai sun sake saita wuƙar in za su koma gajeren baki, don digirin yana sauyawa. In kuwa irin ta Emerson ce, mai gangara a fuska ɗaya kawai, fuskar nan kaɗai ake wasawa, bayan a kwantar da shi a share leɓe da ja ɗaya ko biyu. Irin wannan tana da sauƙin washi, sai dai tana karkacewa gefe in kana yanka abu mai kauri.

Gwaji ba wuya. Kara bakin a hasken fitila ka kalle shi ta gaba: kaifi na gaskiya ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗigon haske nan ne bai kai ba, kuma sau tara cikin goma a gwiwa za ka gan shi. Sannan ka yanka takardar jarida a hankali tun daga ƙota, ka ji inda za ta tirje.

Ita waccan tawa da injin kasuwa ya ci, gyaranta bai da wata dabara sai haƙuri. Na shafa maka, na koma faranti mai kaushi, na yi ta cin dogon baki a miƙe da gajeren a miƙe, ina ƙyale ƙulun da ke tsakiya, har layukan biyu suka sake tarar da juna kuma shuɗin ya ƙare. Dare biyu na yi bayan sallar isha'i, da kofin ruwa a gefe ina wanke farantin. Gwiwar ta dawo, amma ta ja baya da kusan milimita 2, kuma ta fuskar hagu har yau layin bai zauna daidai da na dama ba.